Allon shagonki shi ne bakinki na farko

Ni ma'aikacin rediyo ne, da murya nake cin abinci, amma yau kan rubutu zan yi magana.

Kwanan baya wata hajiya mai saida turaren wuta ta biya kuɗin talla a gidan rediyonmu. Mun yi mako guda muna faɗin sunan shagonta da layin da yake. Daga baya ta dawo tana ƙorafi, wai ba ta ga masu saye ba. Na hau kabu-kabu na je da kaina, sai da muka wuce shagon sau biyu. Allo yana nan, amma an rubuta shi da siraran haruffa masu lanƙwasa da wutsiyoyi, ja bisa ruwan ƙasa, ga furanni ko'ina. Sai mutum ya tsaya ya ƙura ido kafin ya gane. Wa ke da wannan lokaci a cunkoson kasuwa?

Ra'ayina shi ne: allon shago a yi shi da haruffa masu kauri, marasa ado. Wannan ba sabon tunani ba ne. A shekara ta 1927 wani Bajamushe mai suna Paul Renner ya fito da wani samfurin haruffa da aka sa wa suna Futura, kamfanin Bauer na birnin Frankfurt ya ƙera shi don maɗaba'u. Renner ya gina haruffansa kan siffofi uku da kowa ya sani: da'ira, da kusurwa uku, da murabba'i. Harafin O ya yi shi kamar faifai. A da M suna da tsini kamar kan bukka. Kaurin layi kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa, kuma ya cire ƴan ƙafafun nan da ake liƙa wa haruffan littattafai. Abin da ya rage shi ne ƙashin harafin kawai.

Ku dubi inda wannan rubutu ya kai. Da Amurkawa suka sauka kan wata a 1969, da shi aka rubuta allon ƙarfen da suka bari can. Kamfanin motoci na Volkswagen ya yi shekaru da yawa yana talla da shi. Sunan Nike da kuke gani kan kwalin takalma, daga mai kaurin wannan samfuri aka ɗauko shi. Kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya yi aiki da shi har 2009, kuma da ya canza, sai da mutane suka yi ta surutu. Waɗannan kamfanoni ba kuɗin ado suka rasa ba. Sun gane cewa ido yana kama siffa mai sauƙi tun daga nesa.

Mu ma mun fi su bukatar haka. Da yawa cikin masu sayen kayanmu karatun bokonsu bai yi nisa ba, harafi-harafi suke haɗawa. In aka murɗe harafin, an rufe musu ƙofa. Ga ƙurar hunturu, ga rana mai cin fenti: siririn layi shi ke fara gogewa, mai kauri kuwa yana jurewa.

Wani zai ce ai ado shi ke jan ido, kuma in kowa ya yi rubutu iri ɗaya kasuwa za ta zama kamar asibiti. Da gaskiyarsa ta wani gefe. To a sa adon a launi, da hoton kaya, da gefen allo. Suna da lambar waya dai a bar su sarai. Lambobi 8 ne, in ɗaya ta rikice ciniki ya tafi. Haka kuma wannan samfuri yana da nasa aibi. Ƙaramin a ɗinsa ya yi kama da o, don haka bai dace da ƙananan bayanai na bayan leda ba. Wurinsa babban suna ne, wanda ake karantawa daga bakin hanya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Don harsunan Turai aka ƙera waɗannan haruffa, kuma samfura da yawa a kwamfuta ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Shi ya sa za ki biya a rubuta baƙin shayi, a kawo miki bakin shayi. Kafin a buga, ki ce a nuna miki. In na'ura ba ta da lanƙwasar, mai fenti ya sa ta da hannu.

Ba sai kin riƙe sunan Futura ba. Ki ce wa mai zanen allo: haruffa masu kauri, kalmomi kaɗan, baƙi bisa fari ko fari bisa shuɗi. In ya gama, ki tsallaka titi ki sa yaro ɗan aji biyu ya karanta. In ya yi tuntuɓe, kada ki biya sai an gyara.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.