Ɗauki-Ɗora Ba Zaɓe Ba Ne

Duk wanda ya taɓa zama kusa da barikin 'yan sanda ya san su mutane ne da aka hora bisa bin umurni. Tun ran da kurtu ya shiga makarantar horo a kan koya masa cewa maganar kofur ta fi tasa, ta saje ta fi ta kofur, ta sufeto ta fi ta saje, haka nan har a kai ga Sufeto Janar a Abuja. Wannan kuwa daidai ne, gama daren da 'yan bindiga suka fito daga dajin da ya haɗa Katsina da Zamfara suka tasam ma Ƙanƙara ko Faskari, ba daren muhawara ba ne, sai dai mutum ɗaya ya yi magana sauran su bi. Amma akwai ɗaki guda inda wannan horo ya kan juye ya zama cuta, watau ɗakin da a ke zaɓen shugabannin ƙungiyoyinsu na zumunta da taimakon juna.

Sai mai karatu ya fara sanin ƙungiyoyin nan tukuna. Dokar ƙasar nan ta hana ɗan sanda mai ɗamara shiga ƙungiyar ƙwadago, ta kuma hana shi yajin aiki. Abin da ya rage masa 'yan ƙungiyoyi ne kaɗan. Akwai ta tsimi da tanadi, wadda a ke cire kuɗinta daga albashi, wanda ke riƙe da ita kuwa babban jami'i ne da a kan turo daga sama. Akwai ta matan 'yan sanda, wadda aka kafa a 1964, bisa al'ada matar Sufeto Janar ita ce uwarta a ƙasa duka, matar Kwamishina a jiha, haka har ƙasa. A nan babu zancen zaɓe ko kusa, igiyar miji ita ce ƙuri'ar mata, matar kurtun da aka kashe a bakin daji kuwa sai ta jira a tuna da ita. Saura biyu: ƙungiyoyin waɗanda suka ajiye aiki, da kwamitin hulɗa tsakanin 'yan sanda da jama'ar gari, wanda aka kafa a 1984 zamanin Sufeto Janar Etim Inyang, yana da rassa tun daga ƙasa baki ɗaya har zuwa caji ofis na ƙaramar hukuma. Waɗannan biyu su ne a ke jefa ƙuri'a cikinsu, saboda haka su ne ya kamata a tsare da kyau.

Ba abin mamaki ba ne in zaɓe ya zama baƙo a wannan gida. Zamanin En'e, sa'ad da tsaron gari ke hannun dogarai da 'yan doka, shugabansu Wakilin Doka ne, naɗa shi a kan yi, sau da yawa kuwa ɗan sarki ne. Usman Nagogo ya riƙe 'yan dokan Katsina tun 1929 kafin ya zama Magajin Gari, sa'an nan Sarki a 1944. Ado Bayero ya riƙe na Kano kafin ya hau gadon sarauta a 1963. Da aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya zamanin Janar Gowon, tufafi suka sake, hali bai sake ba. Ba wanda ya ce a zaɓi mai ba da umurni a fagen fama. Abin da a ke cewa shi ne, kuɗin karo-karo da mutum ya fitar daga aljihunsa, da bakin da zai yi magana a madadinsa, waɗannan ba na sarauta ba ne, kuma ba na igiya ba ne.

To, yaya a kan ɓata zaɓen? Jama'a su kan sa ido ga ranar ƙuri'a, alhali tun kafin ranar an gama aikin. Ga yadda abin ya kan kasance, duk wanda ya taɓa shiga wata jam'iyya ko ƙungiyar kasuwa zai gane hoton. Wa'adin shugabanni ya cika, wani lokaci ya wuce da shekara ɗaya ko biyu ba wanda ya tanka. Sai mutum huɗu ko biyar su haɗu da dare a zauren wani babba, su rubuta sunaye: wane shugaba, wane mataimaki, wane magatakarda, wane ma'aji. Sa'an nan a aika da kiran taro kwana biyu kafin ranar, na cikin gari su ji, na ƙauye su ji labari bayan an watse. Ranar taro babban baƙo ya zauna a kujerar gaba yana fuskantar jama'a, a yi addu'a, a yi jawabai har rana ta take. Can sai wani ya miƙe ya ce dattawa sun duba sun ga maslaha ita ce a tsai da wane. Wani ya miƙe ya ce ya goyi baya. Kafin a numfasa wani na uku ya ce a rufe tsai da suna. A tambaya, ko akwai mai ja? Tsohon kofur da ya yi shekara talatin da biyar yana sara wa mutumin nan da ke kujerar gaba ya duba dama ya duba hagu, ya sunkuyar da kai. Sai tafi. Magatakarda ya rubuta cewa an zaɓi wane ba hamayya, kuma bai yi ƙarya ba, gama hamayyar an binne ta tun a zaure.

Ko inda aka bar mutum biyu suka tsaya, in an ce a ɗaga hannu ko a yi ƙato bayan ƙato, duk kanwar ja ce. Wanda takardun fanshonsa ke bisa teburin wani ba zai tsaya a layin abokin karawar wannan mutum da rana tsaka ba. Ba tsoro kaɗai ba ne, akwai kunya, akwai surukuta, akwai bashin buhun masara.

Wani zai ce, mene ne abin tada jijiyar wuya a kan shugabancin 'yar ƙungiyar tsofaffi? Sai ya dubi zancen fansho. A 2004 aka shigo da tsarin fansho na karo-karo, aka sa 'yan sanda ciki. Daga baya aka fitar da soja, aka bar su. Shekara da shekaru masu ritaya suna kuka cewa abin da su ke karɓa a wata bai kai su ko'ina, har ran 21 ga Yuli 2025 suka fita zanga-zanga a Abuja, a ƙofar Majalisar Tarayya da hedkwatar 'yan sanda, suna neman a fitar da su. Irin wannan kuka daga reshe ya ke tasowa, ya hau jiha, ya kai tarayya. In shugaban reshe mutum ne da manya suka ɗora, bakinsa a ɗaure ya ke, domin ba a cin tuwon mutum a zage shi. Ma'aji kuma haka. Kuɗin da aka tara don likkafani da sadakar uku da 'yan kuɗin makarantar marayu, in ma'aji da mai binciken kuɗi takarda ɗaya ta kawo su, wa zai binciki wa?

Mutanen da ba su da bakin da suka zaɓa ba su kan yi shiru har abada ba. A farkon Fabrairu 2002 ƙananan 'yan sandan Nijeriya suka yi yajin aiki saboda bashin haƙƙoƙinsu da rashin ƙarin girma, da sunan wata ƙungiya wadda doka ba ta sani ba, shugabanninta kuma a ɓoye. Sai da aka fito da soja su tsare wurare, wata mai zuwa kuma aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith. Ingila ta ga irin wannan tun da daɗewa. 'Yan sandanta sun yi yaji a 1918 da 1919. Gwamnati ta hana su ƙungiyar ƙwadago, amma a cikin dokar 1919 ɗin nan ta kafa musu tarayya tasu wadda za su riƙa zaɓen wakilanta. Abin lura shi ne yadda aka tsara ta a farko: kurata da kwamitinsu, su saje da nasu, sufetoci da nasu, kowane rukuni ya zaɓi nasa. Waɗanda suka tsara haka sun san halin bariki sarai, sun san ƙarami ba ya iya buɗe baki babba na kallonsa. A Amurka ma, babbar ƙungiyar zumunta ta 'yan sanda, 'yan sintiri biyu ne marasa igiya suka fara ta a birnin Pittsburgh a 1915.

Amma inda zancen ya fi nauyi a ƙasashen Sarkin Pawwa da Sarkin Yamma da Kogo, watau Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, shi ne kwamitin hulɗa da jama'a. A wani gari mai zaman lafiya kujerar nan ta ado ce, a sa hula a zauna gaba ranar biki. A nan ba haka ba ne. Waɗannan ƙasashe uku suna bakin daji, Faskari ta yi iyaka da Zamfara, Sabuwa ta yi iyaka da Birnin Gwari. A Yunin 2020 aka shiga Kadisau ta ƙasar Faskari aka kashe mutane da dama. Ran 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan kwana shida aka sako su. A Satumban 2021 gwamnati ta sa aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan uku, babban dalili kuwa shi ne masu kai wa 'yan bindiga rahoto daga cikin gari. To, a irin wannan wuri, mutumin da ke zama da Baturen 'yan sanda kowane wata, wanda ya san ran da motar sintiri ta lalace, ya san ran da babu mai, ya san ɗan kasuwar da ya ba da gudummawa da nawa ya bayar, ya san sunan wanda ya zo ya tsegunta, ai ba ƙaramin abu aka damƙa masa ba. Wa ya fi sanin wanda ya cancanci wannan amana? Baturen 'yan sanda baƙo ne, yau an kawo shi, baɗi an ɗauke shi. Mutanen 'Yankara da Damari da Pawwa su suka san wanda ya yi arziki dare ɗaya ba gona ba kasuwa. Amma wannan sani ba mai iya faɗinsa a bainar jama'a ya kwana gidansa lafiya. Akwatin ƙuri'a a bayan labule shi kaɗai ne wurin da talaka zai faɗe shi ba a ji muryarsa ba.

Masu son ɗauki-ɗora suna da hujjojinsu, ya kamata a saurare su. Su kan ce zaɓe na kawo gaba, sulhu kuwa al'adar ƙasar nan ce. Gaskiya ne takara ta kan bar tabo. Sai dai sulhu na gari shi ne wanda a kan yi bayan kowa ya sami damar tsayawa, masu takara su zauna su da kansu, wani ya janye don ransa. Wanda aka yi kafin a buɗe ƙofa sunansa dabam. Zancen al'ada kuwa, ko sarautar Katsina, da girmanta, ba mutum ɗaya ke yanke ta a ɓoye ba. Akwai masu zaɓen sarki sanannu, Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, kowa ya san su, kuma 'ya'yan sarauta da yawa su kan nema a fili. Su kan ce kuma mutanen karkara ba su iya ƙuri'ar asiri ba. Wannan raini ne kawai. A zaɓen tarayya na 1959 kakannin waɗannan mutane, yawancinsu ba su san baƙin boko ba, sun shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya, suka duba akwatin fartanya da na tauraro, kowa ya jefa inda ya ga dama. Abin da manomi ya yi a 1959 ba zai gagari tsohon saje da ya yi shekaru yana rubuta rahoto ba.

Hujja guda ce mai ƙarfi, ita ce tsoron kada 'yan siyasa ko masu kuɗin da ba a san asalinsa ba su saye ƙuri'u. Wannan yana yiwuwa. Amma sayen mutum biyar a zaure ya fi sayen mutum ɗari biyu arha, ƙuri'ar ɓoye kuma mai saye ba shi da tabbacin an biya shi.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar doka daga Abuja, kowane reshe na iya yinsa da littafi ɗaya da akwati ɗaya. A manna sunayen 'yan ƙungiya masu ikon zaɓe a bangon da kowa ke wucewa, wata guda kafin ranar, don kada a ga baƙin fuskoki sun cika benci. A yi shelar ranar a masallatan Juma'a da kasuwanni, har kasuwar Sheme, ba a cikin gari kaɗai ba. Tsai da suna ya zama a rubuce, mutum biyu su sa hannu ko su dangwala, a bar ƙofar a buɗe mako biyu, kada wani ya sami ikon rufe ta da baki. Masu gudanar da zaɓe su zama waɗanda ba su neman kome, kuma ba tsofaffin shugabanni suka zaɓo su ba. Babban baƙo, ko Baturen 'yan sanda ne ko hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma, a karɓe shi da girma, ya yi jawabinsa, sa'an nan a raka shi waje kafin a fara jefawa, ya komo in an ƙirga. Ko mutum ɗaya ne ya tsaya, a jefa masa ƙuri'ar i ko a'a, in a'a ta rinjaya a sake buɗe ƙofa. Kujerar ma'aji da ta mai binciken kuɗi a zaɓe su dabam dabam. Tsohon ma'aji kuwa, kafin a karɓi sunansa ko sunan wanda ya tsayar, sai ya karanta lissafin shekarunsa a gaban taro, abin da ya shigo da abin da ya fita, da sunan kowace matar mamaci da aka bai wa taimako, matan kuma suna zaune a wurin suna ji.