Ra'ayinmu: Tsohon Buhu Ma Littafi Ne

Duk ɗan Galadi, ko Shinkafi, ko Zurmi, ya san buhun algarara tun kafin ya san allo. Yana sabo ya ɗauki wake ko gyaɗa, in ya sha jiki a mai da shi na gawayi, in ya yayyage a yi wa jaki shimfiɗa da shi, daga nan sai juji. Ba mu taɓa jin wanda ya tsaya ya dube shi sau biyu ba. To, ga wani mutum can a ƙasar Gana wanda ya tsaya ya duba, abin da ya gani kuwa ya kai shi manyan biranen duniya. Mun ba shi shafinmu na wannan fitowa domin darasin da ke cikin aikinsa ya shafe mu.

Sunansa Ibrahim Mahama, an haife shi a Tamale cikin 1987. Wannan yanki ba baƙo ba ne ga Bahaushe, don ta can fatakenmu suka riƙa ratsawa zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja neman goro, har yau kuma ana jin Hausa a zangunan garuruwansa. Ya yi karatun zane a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, ya sami digirin farko a 2010, na biyu a 2013. Amma ba da fenti ya yi suna ba. Fasaharsa ta harhaɗa tarkace ce, wato ya tattaro kayan da jama'a suka mora suka yar, ya haɗa su yadda za su faɗi maganar da ba su iya faɗa a warwatse.

A dubi tafiyar buhun da yake aiki da shi. Ana saƙa shi a Indiya ko Bangaladash, a shigo da shi Gana domin ɗaukar koko. In ya gama wannan sai ya faɗa hannun 'yan kasuwa, ya ɗauki masara ko shinkafa, ya ƙare a gawayi. Kowane mai kaya ya rubuta sunansa ko alamarsa a jiki, kowace tafiya ta bar masa tabo ko faci. Mahama yakan ba 'yan kasuwa sabo ya karɓi tsoho, sa'an nan ya tara ma'aikata, da yawansu 'yan ci-rani, su ɗinke buhunan da basilla har su zama mayafi mai rufe gini. A 2015 ya lulluɓe bangayen wata doguwar hanya a babban baje kolin fasaha na birnin Benis ta Italiya. A 2017 ya yi wa wasu tsofaffin gine-gine biyu haka a Kassel ta Jamus. Mai shan cakulan a Turai bai taɓa ganin ɗan dakon da ya ɗauki kokon ba. Mahama ya sa shi ratsawa ta cikin gumin wannan ɗan dako.

Bai tsaya a buhu ba. A 2017 ɗin dai ya jera ɗaruruwan akwatunan masu gyaran takalmi a Landan, suka tashi kamar katanga. A 2019 ya kwashi kujerun matattun jiragen ƙasa na Gana zuwa Mancesta, ya tsara su kamar zauren majalisa, tare da tsofaffin takardun reluwe, ya kira aikin Majalisar Fatalwa. Tambayarsa a fili take: ina alkawuran da aka yi wa talaka lokacin samun 'yanci?

Abin da ya fi ƙayatar da mu shi ne inda ya kai ribar. Da ya so, da ya tare a Landan. Sai ya koma Tamale, ya buɗe cibiyar fasaha a 2019, ya ƙara da wata mai suna Red Clay a 2020, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama ya mai da cikinsu ajin koyar da yara. Ya kuma sayi wani rumbun siminti da aka fara a zamanin Nkrumah aka watsar bayan juyin mulkin 1966, ya raya shi. Har taragan jirgin ƙasa ya ɗauko a kan manyan motoci ya kai Tamale, garin da layin dogo bai taɓa zuwa ba.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Mutumin Tamale ya kashe dukiya ya jawo tarago zuwa inda babu dogo. Mu kuwa dogo ya iso Kauran Namoda tun 1929, nan ne ma ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ta Gusau. Gyaɗa da audugar da iyayenmu suka noma a ƙasashen Zurmi da Shinkafi, a kan jakuna da raƙuma aka riƙa kawo su wannan tasha, aka auna, aka loda zuwa bakin teku. Farin farkon shekarun 1970, da cutar gyaɗa ta 1975, da shagalar kuɗin man fetur, suka kashe wannan ciniki. To, ina sikelin da aka auna gumin kakanninmu? Ina littattafan awo da rasiɗai? Wane ɗalibi a cikinmu ya taɓa zama gaban tsohon leburan tasha ya rubuta abin da ya sani? Abin da muka bari, ɗan gwangwan ba zai bari ba, shi kuwa da kilo yake saye, ba ruwansa da tarihi.

Mun san za a ce mana: mutane na gudun hijira, gonaki sun gagari masu su saboda 'yan bindiga, ku kuna zancen tsumma? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu ce fasaha za ta tsare hanya ko ta cika tukunya ba. Amma a lura, in ƙauye ya watse, ba mutane kaɗai ke ɓacewa ba. Ƙyauren da aka bari, da galmar da ta yi tsatsa, da allon da ya ƙone, su ne shaidun da za su rage ranar da wani zai ce abin bai faru ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma al'ummar da ba ta ajiye shaidarta ba, wani ne zai ba da labarinta yadda ya ga dama.

Wasu kuma za su ce wannan al'adar Turawa ce. Ko kusa. Maƙerin da ya mai da gwangwanin madara fitilar aci-bal-bal, da mai yanka takalmi daga tsohuwar taya, da yaron da ya ƙera mota da langa-langa, duk harhaɗa tarkace suke yi tun ba mu san sunan abin ba. Mu 'yan boko ne muka koyi raina su. Bambancinsu da Mahama shi ne, shi ya sami ilmin da zai sa tarkacen su yi magana, da zauren da za a saurare su. Ilmin nan yana hannunmu, zauren ma ba zai gagare mu ba.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta nemi ɗaki guda a harabar jami'a domin ajiye irin waɗannan kaya. Kowane ɗalibi da ya tafi hutu ya komo da abu ɗaya, da yardar mai shi, tare da rubutaccen bayanin inda ya fito da hannuwan da ya ratsa. A gayyato maƙera da madinka su yi aikin tare da mu, a biya su haƙƙinsu, a rubuta sunayensu. Yayyenmu da suka kama aikin gwamnati kuwa, kafin su sa hannu a yi gwanjon tsofaffin kayan ofis ko a ƙone fayiloli, su tambayi kansu ko akwai abin da jikoki za su nema a ciki. Muna kuma roƙon hukumomin da abin ya shafa su duba yiwuwar keɓe wani sashe na tashar Kauran Namoda ya zama gidan tarihin gyaɗa da auduga.

Ba sai mun jira wani ya zo daga Tamale ya nuna mana darajar jujinmu ba. Hutu na tafe, kowa ya san inda tsohon buhun gidansu yake.