Bulala Ba Ta Raba Yaro Da Ƙiriniya

Yau na ɗan ajiye labarin da muke ciki domin in taɓo malamanmu na firamare, ina fata ba za a ga baƙina ba.

A yawancin azuzuwanmu, yaron da malam ya fi sanin sunansa shi ne mai surutu da tsokana. Wanda ya zo da wuri ya share aji ya zauna shiru kuwa, har zango ya ƙare ba a ce masa sannu ba. To me muka koya wa yaran nan? Mun nuna musu cewa sai an yi laifi ake samun kulawar malam.

Na san wani zai ce ai mu ma da dorina da tsallen kwaɗo muka tashi. Gaskiya ne, amma a tuna da 'yan ajinmu nawa suka gudu tasha saboda tsoron duka. Bulala tana sa yaro ya nutsu ne muddin malam na tsaye. Da ya juya yana rubutu a allo, an koma gidan jiya.

A shekarar 1969 aka wallafa sakamakon wata dabara da aka gwada a wani aji huɗu a jihar Kansas ta Amurka. Aka raba yara gida biyu, duk wanda ya yi surutu ko ya bar wurin zamansa sai a ja wa ɓangarensu layi a allo. Ɓangaren da layukansa ba su yi yawa ba sai a ba su ɗan gata, kamar shiga gaba a layin cin abinci. Hayaniya ta ragu ƙwarai ba tare da an ɗaga wa kowa hannu ba.

Mene ne a nan da zai gagari malaminmu, ko yara sun cika aji maƙil? Ba kuɗi ake nema ba. A tafa wa yaro, a ba shi riƙon alli da dasta, a kira sunansa a asambuli. Amma yabon ya zo nan take, kuma a faɗi dalili: "Madalla da ke, kin ara wa 'yar uwarki fensir." Kada kuma ya tsaya kan masu ƙoƙari kaɗai. Mai ƙiriniyar nan, ranar da ya zauna lafiya, shi ya fi kowa bukatar a lura.

Ban ce a daina tsawatarwa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.