"Sabon Fita" Ba Suna Ba Ne

Ku je kowace rumfar cajin waya da tura fina-finai a Ƙanƙara, ko kasuwar Sheme ta Faskari, ko cikin garin Sabuwa, ku ce a sa muku manhaja a waya. Kafin ku gama ƙirga kuɗi an tura ta Xender. Ku tambaya wace ce aka sa muku, a ce "sabon fita ce". Ku ce wa ya fitar da ita, yaushe, kuma ta nawa ce a jerin 'yan'uwanta, sai a dube ku kamar kun tambayi sunan kakan aljani. Mu kuwa da muke ɗaura ɗamara rana ta bakwai, mu yanka rago, mu raba goro don kawai jariri ya samu suna, mun yarda muna zuba wa wayoyinmu abin da ba shi da suna, ba shi da uba, ba shi da ranar haihuwa. A cikin wayar nan kuma kuɗinmu yake, da hotunan iyalinmu, da lambobin duk wanda muka sani. Wannan sakaci ne, kuma mafi yawan laifin yana wuyan masu ilmin cikinmu, ba mai rumfa ba.

Bari mu fara da abin da ake magana a kai, da harshen da marubuta suka sani. Manhaja tana da rubutun asali, kamar yadda littafi yake da rubutun hannun mai shi. Amma ba wannan rubutun waya take karantawa ba, sai an kai shi wata irin maɗaba'a ta kwamfuta an mayar da shi fayil guda da za a iya sawa. Wannan fayil shi ne bugu. Rubutu ɗaya yana iya haifar da bugu ɗari: na jiya da na yau, na tsohuwar waya da na sabuwa, na gwaji da na jama'a. A manhaja mai buɗaɗɗen tushe, irin su Linux da Firefox da LibreOffice da VLC, an yarje wa kowa ya ɗauki rubutun, ya gyara, ya buga nasa. Nan ƙarfinta yake, nan kuma haɗarinta yake. Inda kowa yake da izinin bugawa, dole kowane bugu ya faɗi ko shi wane ne, in ba haka ba gari ya cika da tagwayen da uwarsu ma ba ta iya bambanta su.

Mutumin Legas ko Abuja yana iya rayuwa bai taɓa damuwa da wannan ba, don wayarsa tana jone da Play Store dare da rana, tana sabunta kanta yana barci. Mu ba haka muke ba. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni babu sabis. Ko da aka dawo da shi, har gobe akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya, ga data ta yi tsada. Saboda haka manhaja a wurinmu hannu da hannu take tafiya: daga memorin wani ɗalibi da ya dawo daga Zariya, zuwa kwamfutar mai rumfa a Funtuwa, zuwa wayar direba, zuwa ƙauye. A kowace tasha ana iya canza mata suna, ana iya canza mata ciki. Wanda yake ƙarshen wannan layi ba shi da shagon da zai tsaya masa. Abin da aka rubuta a jikin bugun shi kaɗai ne shaidarsa.

Ga abin da lamba take yi ranar tsiya. A ƙarshen watan Maris na 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, ya tarar an dasa ƙofar ɓarayi a cikin XZ Utils, wata 'yar manhajar matse fayil da take cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. Me ya ceci duniya daga ruɗewa? Jimla ɗaya: gubar tana cikin bugu na 5.6.0 da 5.6.1. Kowa ya duba nasa, cikin minti ɗaya ya san ko ya kwana lafiya ko ya tashi tsaye. Haka a watan Agustan 2021 kamfanin Kaspersky ya ba da sanarwar an samu mugun shiri mai suna Triada a cikin FMWhatsApp 16.80.0, ɗaya daga cikin jabun WhatsApp irin su GB da matasanmu suke rububi. To a faɗa mana, wanda fayil ɗinsa yake ɗauke da sunan "GB orijinal sabo" ta yaya zai san ko da shi ake? Gargaɗin da babu lamba a jikinsa kamar shelar sankira ce cewa akwai rijiya mai guba a gari, amma bai faɗi wacce ba.

Masu wannan aiki a duniya sun daɗe da gane cewa bugu yana buƙatar suna iri uku, kuma kowanne da aikinsa. Na farko laƙabi, don daɗin faɗa. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa, tana laƙaba wa kowane bugu sunan dabba, na farkonta ma da gadu aka kira shi. Na biyu lamba, don a san wa da ƙane. Lambar Ubuntu shekara da wata ce: 4.10 ya fito a Oktoban 2004, 24.04 a Afrilun 2024. LibreOffice ma ta koma wannan tsari a 2024, daga 7.6 ta tsallaka 24.2. Wasu kuma lamba uku suke jerawa: ta ƙarshe ta motsa in an toshe ɓaraka, ta tsakiya in an ƙara sabon abu, ta farko in an yi canjin da zai iya ɓata wa tsohon mai amfani lissafi. Na uku shi ne zanen yatsa. Git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, tana ba kowane gyara wata doguwar shaida mai haruffa da lambobi 40 da aka lissafo daga abin da yake ciki. A canza ɗigo ɗaya, shaidar ta canza gaba ɗaya. Laƙabi kowa yana iya ara, lamba ana iya ƙarya da ita, amma wannan ba ya aruwa.

A nan muke da ja da wasu 'yan'uwanmu masu kishin harshe. Da zarar an taso da maganar, sai su ce mafita ita ce mu riƙa sa wa manhajojinmu sunayen gida: wannan "Kilishi", wancan "Dambu". Muna son kilishi, amma ku gaya mana, tsakanin kilishi da dambu wa ya girmi wani? Google da kanta ta shekara goma tana sa wa Android sunayen kayan zaƙi, su KitKat da Lollipop da Pie, a 2019 ta haƙura ta ce Android 10, don ta gane sunayen ba sa gaya wa mutanen wasu ƙasashe wanne ne gaba. Kakanninmu sun kira yunwar 1914 Kakalaba, sunan kuma ya zauna daram a baki, amma yau in ba malamin tarihi ya ɗora masa shekara ba, jikan ba zai san ko kafin zuwan Turawa aka yi ta ko bayansa ba. A sa laƙabin Hausa, muna maraba. Amma laƙabi ado ne, ba ya maye gurbin sunan yanka.

Wasu za su ce mutanen karkara ba sa karanta lamba. Wannan raini ne. Manomin masara a Faskari ya san bambancin takin 15-15-15 da 20-10-10, ba kuma za ka sayar masa da wannan a madadin wancan ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana fitar da iri da suna da lamba, su SAMMAZ 15, manoma kuma suna neman sa da lambarsa, kamar yadda masu shinkafa suke neman FARO 44. Babu mai sayen babur a Sabuwa bai duba lambar inji ya gwada da ta takarda ba, don ya san ƙasar da yake ciki. Hukumar NAFDAC in za ta janye magani daga kasuwa, lambar rukunin da aka haɗa take faɗa, mai kemis ya juya kwalba ya duba. Mutanenmu suna karanta lamba duk inda aka nuna musu cewa dukiyarsu ko ransu yana rataye da ita. Ba a nuna musu ba ne kawai a nan.

Wasu kuma za su ce bidi'ar Turawa ce. Ina! Wane Bature ne ya koya wa malaman zaure isnadi, a ce wane ya karɓa daga wane har a kai tushe? Magabatanmu masu waƙa da ajami, irin su Nana Asma'u, sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da in an lissafa haruffanta za ta ba da shekarar Hijira da aka yi ta. Mai kwafar littafi da hannu yakan faɗi sunansa a ƙarshe, ya roƙi addu'a, don a san hannun da ya bi. Da tawada da alƙalamin kara suka yi wannan. Mu jikokinsu, marubutan waya, me muke yi? Labari ya fito a WhatsApp kashi-kashi, wani ya tattara ya mai da shi fayil, ya goge sunan marubuciya ya sa na zaurensa, wani ya yanke babi biyu, ita kuma ta gyara nata ta sake sakewa da sunan "kammalalle", bayan mako ta fitar da "kammalalle na ƙarshe". Ranar da rigima ta tashi a kan wata jimla, babu mai iya tabbatar da wanne ne nata. Ciwon da yake damun manhaja shi yake damun adabinmu, maganinsu kuma ɗaya ne.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa: ana kashe mutane, ana kwashe su zuwa daji, ku kuna maganar lamba? Mun ji, ba kuma mu raina wannan zafi ba. Amma ku duba da me ake aiki a wuraren da hanya ta yanke. Ma'aikatan rigakafi da masu ƙidayar 'yan gudun hijira da buɗaɗɗiyar manhaja irin ODK suke cike fom babu intanet, alƙaluman asibitocin ƙasar nan kuma DHIS2 ake zuba su, ita ma buɗaɗɗiya ce daga Jami'ar Oslo. A ce ma'aikaciyar lafiya ɗaya tana riƙe da fom ɗin bara, abokiyarta tana da na bana, babu wadda ta sani, to lissafin yaran da za a kai wa magani ya karkace tun daga tushe. Wanda yake kusa da gari gobe zai gyara kuskurensa. Wanda sai bayan wata guda zai sake ganin sabis, kuskurensa wata guda zai yi yana haihuwa. Masu Kiwix, manhajar karanta Wikipedia babu intanet, sun fahimci haka: sunan kowane fayil nasu yana ɗauke da harshe da shekara da wata, malamin makaranta ya san shekarun ilmin da yake riƙe da shi.

To ga abin da muke nema. Ɗalibanmu da suke rubuta manhaja a Dutsin-Ma da Katsina da Zariya da Kano, ku sa lamba da kwanan wata a sunan fayil, ku kuma sa su a cikin manhajar, a wurin da za a gani da Hausa ko babu data. Kada ku taɓa fitar da bugu biyu da lamba ɗaya, ko da harafi guda kuka gyara. In kun ɗauki aikin wani kuka canza, ku canza masa suna. Debian ta shekara goma tana kiran nata Firefox ɗin Iceweasel saboda irin wannan ƙa'ida. Ku bayyana zanen yatsan kowane bugu. Ƙungiyoyi da hukumomin da suke raba wayoyin aiki, ku rubuta lambar bugun a takardar horo. Masu rumfa, ku bar wa fayil sunan da ya zo da shi. In kuma waya ta ƙi karɓar sabon bugu a kan tsoho, ku dakata kafin ku goge tsohon ku tura sabon da ƙarfi: kowace manhajar Android tana ɗauke da sa hannun mai ita, sau da yawa wayar tana gaya muku ne cewa hannun da ya sa wannan ba shi ne ya sa wancan ba.

Sauranmu kuma tambaya ɗaya ta rage mana, wadda ba ta cin ko sisi: "Ta nawa ce, kuma daga wa?" Mai rumfar da aka yi wa ita sau goma a yini zai fara neman amsa. Marubuta kuwa ba mu da wanda za mu jira. Labarin da za mu saki a daren nan, mu rubuta sunanmu da kwanan wata da lambar bugu a shafinsa na farko da na ƙarshe.