Iyayen ɗalibai na Sae Sabuwa, mu kai kukan haya gaban hukuma

Jama'ar Sae Sabuwa, iyaye maza da mata, ku ba ni kunnuwanku. Duk wanda ɗansa ya ci jarrabawar bak ya samu shiga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ya san murnar ba ta daɗewa, sai lissafi ya biyo baya. Ɗakunan kwana na hukumar kula da ɗaliban jami'a, CROU, ba sa isar kowa. Burs, wato tallafin karatu na hukumar ANAB, ba kowa ke samu ba, wanda ya samu ma sai ya sha jira. Dole yaro ya kama haya cikin gari, mai gida kuwa sau da yawa kuɗin wata uku yake so a hannu kafin ya miƙa makulli.

Kuɗin nan daga rumbu suke fitowa. Ana komawa karatu ne da kaka, daidai lokacin da tiyar gero ta fi araha. Uba ya sa a sussuka dami, ya auna, ya sayar a wulaƙance. Uwa ta ja akuyarta kasuwa. Can Maraɗi yara huɗu su cunkushe a ɗaki guda, da tabarma da bokiti. Damina na faɗuwa, gidan iyayen ya koma sayen geron da ya sayar, da tsada.

Akwai abin koyi a waje: a Kanada ana rage wa ɗalibi haraji gwargwadon kuɗin makarantar da ya biya, har yana iya bar wa iyayensa wani kaso. Tsari ne mai kyau, kuma muna nema wa malamanmu da ma'aikatan asibiti irinsa a kan harajin albashi. Amma manomi ba shi da albashin da za a rage wa komai. Sauƙin da zai iso gare shi sai ta hannun mai gidan haya: a sassauta wa duk wanda ya ba ɗalibi ɗaki harajin kuɗin hayarsa, da sharaɗin ya rage kuɗin ɗakin a rubuce, da katin ɗalibin a matsayin shaida. In babu sharaɗin, sauƙin a aljihun mai gida zai tsaya.

Kada wani ya ce ba ta yiwuwa. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin magani a asibitocinta da rabi. A 2025 ta umarci makarantu masu zaman kansu su rage kashi 20 cikin ɗari. Saura haya.

To, mu tashi! Masu gari, limamai, kwamitin iyayen yara, ku tara mutane bayan sallar Juma'a. Kowane gida ya faɗi abin da yake biya a wata, a rubuta. 'Ya'yanmu na ƙungiyar ɗalibai ta USN su tattara takardun. 'Yan'uwa na Gidan Runji, Agye da Gazawa, ku yi naku. Mu haɗa su wuri guda, mu kai wa gwamnan Maraɗi da ofishin haraji hannu da hannu, tun kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi.