Baki Na Motsi, Murya Na Baya: Laifin Wa?

Duk mai cin kasuwannin Deule, Buza, Keita ko Madawa ya san rumfunan samarin nan masu kwamfuta da ke tura fina-finai da waƙoƙi a memori. Mu ƴan kasuwa muna cikin manyan abokan cinikinsu. Wata za ta kai bidiyon bikin ɗiyarta a rage masa nauyi don ta aika wa dangi da ke ci-rani a Abijan ko Legas. Wani kuma bidiyon buhunan albasarsa yake son tura wa mai saye a Kwatano ta WhatsApp. Sai an koma gida a tarar baki na motsi, murya na can baya. Amarya ta gama magana, sannan a ji muryarta a bakin ƙawarta. An biya kuɗi an sayo abin dariya, kuma biki ba a sake shi.

In aka mayar da aikin, amsar ɗaya ce: "Hajiya, wayarki ce ba ta da ƙarfi." Wani lokaci gaskiya ne, don ƙaramar waya takan kasa jan bidiyo mai nauyi irin na HD. Amma a namu ganin, sau da yawa tun wurin juyawa aka ɓata aikin.

Bidiyo hotuna ne da ke wucewa a jere, sauti kuma layinsa daban. Talabijin a Nijar da Najeriya hotuna 25 yake nunawa a kowace daƙiƙa, fim ɗin silima 24, wayoyi da yawa kuwa 30. In aka gudanar da fim mai 24 a kan 25 ba a gyara sautin ba, cikin awa ɗaya hoto zai tsere wa murya da fiye da minti 2. Sannan waya takan rage yawan hotunan da take ɗauka in haske ya yi ƙaranci, kamar a bikin dare, kuma ba kowace manhajar juyawa ce ke lura da haka ba.

Ciwon iri biyu ne, kowanne da maganinsa. In tazarar murya da baki ba ta canzawa daga farko har ƙarshe, gyaran mai sauƙi ne. A manhajar VLC ta kwamfuta, maɓallan J da K suna matsar da sauti gaba ko baya, kowace dannawa kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa. Sai dai wannan na lokacin kallo ne kawai. In an gano tazarar, manhajar Avidemux ce za ta adana gyaran a cikin bidiyon. In kuwa farko lafiya, amma tazarar sai ƙaruwa take, to a koma kan bidiyon asali a sake juyawa da HandBrake, a zaɓi tsayayyen adadin hotuna daidai da na asalin. Duk ukun nan kyauta ake samunsu a intanet, saboda haka babu uzuri.

Kiranmu ga ƴan'uwa mata da maza: kada mu biya sai an nuna mana farko, tsakiya da ƙarshen bidiyon, kuma a kan wayarmu. Ai ba ma sayen buhun albasa da kallon na saman kaɗai. Kada kuma mu yarda a goge na asali, domin duk juyi yana rage inganci, kuma sai da shi ake iya sake aikin.

Ku kuma ƴaƴanmu masu rumfa, sana'arku ce, ku ƙware a kanta. Minti 5 na dubawa ya fi rasa abokin ciniki, don labari a kasuwa ba ya kwana. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki sai gani da ji sun zo tare za mu kwance bakin zane.