Sharhi: Me ya sa wata haja ke karɓuwa, wata kuma ke kwantai?

A ranar 25 ga Oktoban 2021, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na farko da wani babban banki ya fitar a nahiyar Afirka. An kyautata zaton cewa za ta sauƙaƙa ciniki, ta kuma janyo miliyoyin marasa asusun ajiya cikin harkar banki.

Sai dai wani nazari da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya wallafa a watan Mayun 2023 ya gano cewa kashi 98.5 cikin 100 na asusun eNaira da aka buɗe ba a amfani da su a kowane mako. A daidai wannan lokaci kuwa, masu sana'ar POS sun cika kasuwanni da tashoshin mota, har 'yan tireda da masu shayi sun rungumi karɓar kuɗi ta waya.

Wannan bambanci ne ya sa ake sake waiwayar wata dabara ta tafiyar da kasuwanci da za a iya kira "tunanin masu ƙira". Ma'anarta ita ce kamfani ya yi koyi da maƙerin da ba ya ɗora ƙarfe a kan uwar maƙera sai ya san irin ƙasar da manomi zai huɗa.

Dabarar ta yi fice ne ta hannun kamfanin IDEO na Amurka da kuma makarantar koyar da ƙira ta Jami'ar Stanford. Ta shiga ofisoshin manajoji sosai bayan da shugaban IDEO na lokacin, Tim Brown, ya yi bayaninta a mujallar Harvard Business Review a watan Yunin 2008.

Matakai biyar aka fi saninta da su. Da farko a je a zauna da mai amfani da kayan, a ga yadda yake rayuwa. Sannan a tantance ainihin matsalarsa, a tattaro shawarwari masu yawa, a haɗa samfuri mai araha, a kuma miƙa shi ga mutane su gwada. Abin da gwaji ya nuna shi ake bi, ko da ya saɓa wa ra'ayin shugaban kamfani.

Tarihin M-Pesa a Kenya ya nuna amfanin hakan. A 2005, kamfanonin Vodafone da Safaricom suka fara gwajinta a matsayin hanyar biyan bashin wata cibiyar ba da ƙaramin rance mai suna Faulu. Da masu aikin suka bi sawun kuɗin, sai suka tarar mutane na amfani da ita wajen aika wa 'yan uwa kuɗi, da sayen katin waya, da ɓoye kuɗi idan za su yi tafiya.

Maimakon su tsawata wa mutane kan kauce wa tsari, sai suka sauya tsarin. Da aka ƙaddamar da M-Pesa a watan Maris na 2007, saƙon tallarta shi ne a aika kuɗi gida. Tana aiki a kan ƙaramar waya, kuma wakilin da ke karɓa da biyan tsabar kuɗi mai shago ne na unguwa.

A nan gida ma akwai misali. Sa'ad da kamfanin Promasidor ya shigo da madarar Cowbell a 1993, ya lura cewa magidanta da yawa kullum suke samu su kashe, ba su da halin sayen gwangwani guda. Ya zuba garin madarar a ƙananan ledoji, kuma a yau da wuya a sami kayan masarufin da ba a sayar da su a haka.

Idan aka auna eNaira da wannan ma'auni, za a ga inda gizo ke saƙar. A farkon fitowarta, sai mai asusun banki da babbar waya ne ke iya buɗe ta, alhali shi yana da hanyar tura kuɗi tun tuni. Wanda aka yi ta dominsa, wato marar asusu, sai a 2022 aka samar da lambar *997# da za ta yi aiki a ƙaramar wayarsa. Mai POS kuwa ya amsa buƙatar da ke gaban jama'a: tsabar kuɗi kusa da gida, ba layi, daga hannun wanda aka sani.

Sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, wanda Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sanar a watan Oktoban 2022, ya ƙara fito da darasin. Wa'adin 31 ga Janairun 2023 ya riski kasuwannin ƙauye da ba su da banki ko ingantaccen layin sadarwa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Gwaji a 'yan ƙananan hukumomi tun farko zai iya tona waɗannan matsaloli cikin sauƙi.

Darasin bai tsaya ga hukumomi ba. Binciken da hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar ya ƙiyasta ƙanana da matsakaitan sana'o'i a ƙasar nan da kusan miliyan 40. Yawancinsu jarinsu bai kai su yi kuskure sau biyu ba, musamman a lokacin tsadar rance. Mai sarrafa tumatir da ya fara da kwalba 50 ya kai kasuwa ya ji ra'ayin matan gida, ya fi tsira da jarinsa a kan wanda ya ci bashi ya sayo inji tukuna.

Ta fuskar shugabanci, dabarar na buƙatar manaja ya saurari na ƙasa da shi. Direba da mai karɓar kuɗi da yaron shago su ke jin ƙorafin masu saye kullum, amma da wuya a kira su taron yanke shawara. Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk da haka, dabarar na da iyaka. Masu sukarta na cewa a wurare da dama ta koma taron bita na kwana biyu, a manna takardu masu launi a bango, a watse ba abin da ya sauya. Shi kansa IDEO ya rage ma'aikata masu yawa a 2023. Haka kuma sauraron mai saye ba ya kawo wutar lantarki, ba ya gyara hanya, ba ya sauke farashin dala.

Abin da take iya yi shi ne rage asarar da ake tafkawa saboda zato. Don haka ya dace bankunan raya ƙasa da hukumomin tallafa wa sana'o'i su riƙa tambayar mai neman jari mutum nawa ya gwada wa kayansa, da abin da ya gyara bayan gwajin. Ya kuma dace hukumomin gwamnati su yi wa kansu wannan tambaya kafin su ɗora wa jama'a sabon tsari.